Shiga wasan da kai ka ɗora a kwamfutarka: abin da ya faru da ɗan yayata a Foundry

Foundry Virtual Tabletop manhaja ce ta buga wasannin nan na labari da jefa dayis, irin su Dungeons & Dragons da Pathfinder, sai dai maimakon a kewaye tebur ɗaya da takarda da fensir, kowa yana gidansu ana kallon taswira ɗaya a sikirin. Wani mai suna Andrew Clayton ne ya haɗa ta, ta fito kasuwa a watan Mayu na 2020, kuma dala 50 ake biya sau ɗaya shikenan, shi ma jagoran wasan ne kawai zai saya, sauran 'yan wasa kyauta suke shiga ta burawuza. Inda ta bambanta da Roll20, wadda ta girme ta don tun 2012 take, shi ne ita Roll20 wasanka yana zaune ne a kwamfutocin kamfanin, ita kuwa Foundry in ka kunna ta, laftof ɗinka ce ta zama saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da wasan, duk wanda zai shiga wasan sai ya zo ta wajenka. Wannan shi ne daɗinta kuma daga nan duk rigimar da zan ba da labari ta taso.

Ɗan yayata ne ya saye ta. Yana da abokai tun na makaranta da suka watsu, wani yana Abuja wani ya tafi karatu waje, suna so su ci gaba da wasan da suka saba, shi ne jagora. Ya zauna ya zana taswirar wani tsohon gidan sarauta, ya ja bangwaye, ya sa ƙofofi har da na sirri, ya ɓoye dodanni a ɗakuna, to sai tambaya ta zo masa wadda duk mai hankali zai yi: ni a wajena ina ganin komai, su fa me za su gani? Don jagora a Foundry komai a buɗe yake gare shi, dodon da ya ɓoye yana hango shi dishi-dishi, ƙofar sirri ga alamarta nan, takardun bayanin labari duk suna gefe. Yana so ya shiga wasan nasa a matsayin ɗan wasa, a wannan laftof ɗin dai, kafin ranar da za a fara.

Abin da ya yi da farko babu laifi a tunani. A cikin saitin wasan akwai wurin da Foundry ke ba ka adireshin gayyata guda biyu, ɗaya na cikin gida mai farawa da 192.168, ɗaya na intanet wanda za ka tura wa na nesa, dukkansu suna ƙarewa da :30000, wato lambar ƙofar da manhajar ke saurare a kai in ba ka canza ba, 'yan harkar suna ce mata fot. Shi sai ya ce tunda na intanet ɗin abokansa za su bi, bari shi ma ya bi shi. Ya kwafa ya liƙa a Chrome. Shafi ya yi ta juyawa yana juyawa har ya gaji ya ce ba a samu wurin ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa manhajar ta lalace ko kuma ya yi kuskure wajen sakawa, ya cire ta ya sake sakawa, ya kashe antibairos, ya kashe ya kunna laftof, duk a banza. Sai ya turo min saƙo, "Kawu don Allah duba min, kuɗina sun tafi."

Na ce masa ɗana kwantar da hankalinka, rubuta localhost:30000 a inda ake rubuta adireshi ka danna. Nan take shafin shiga ya fito da sunan duniyar da ya ƙirƙira, don duk wasan da ka haɗa a Foundry duniya ake kiransa.

Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Localhost suna ne da kowace kwamfuta ke kiran kanta da shi, lambarsa 127.0.0.1, kuma duk abin da ka aika can ba ya ma fita ta katin netwok balle ya je rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida, a ciki yake juyawa ya dawo. Ko ka cire wifi gaba ɗaya zai yi aiki. Shi kuwa adireshin intanet ɗin ba na laftof ba ne, na fuskar da gidan ke nuna wa duniya ne, to in ka kira shi daga cikin gidan kana roƙon rawuta ne ta fitar da saƙonka waje sannan ta gane ashe nata ne ta juyo da shi ciki. Wasu rawutoci sun iya wannan juyin, ana kiransa NAT loopback ko hairpin, da yawa kuma ba su iya ba, sai saƙon ya ɓace kawai. Kamar ka ɗauki wayarka ka buga lambarka ne, ba za ta shiga ba, amma wannan bai nuna layinka ya mutu ba, wani in ya kira ka ta yiwu ta shiga lafiya lau. Mutane da yawa da fot ɗinsu a buɗe yake tsaf, abokansu suna shiga, su ne kawai ba sa iya shiga da adireshin waje, kuma sai su yi ta ɓata saitin da yake daidai suna neman gyaran abin da bai lalace ba.

To ya samu shafin shiga. A jerin sunaye babu kowa sai Gamemaster, wato jagora, shi ma ya yi toka-toka ba ya dannuwa saboda yana ciki a ainihin manhajar. Dole ya koma wajen sarrafa masu shiga ya ƙirƙiri wani mutum, ya ba shi matsayin ɗan wasa. Foundry tana da matakai huɗu, ɗan wasa, amintaccen ɗan wasa, mataimakin jagora, sai jagora, kuma na ce masa ya zaɓi na ƙasan, don in ya ba wa na gwajin matsayi babba to gwajin ya tashi aiki, zai ga abin da abokansa ba za su gani ba. Ya sa masa suna Gwaji, ya shiga da shi a Chrome, jagora yana nan a tagar manhajar.

Baƙi ƙirin. Sikirin ɗin babu komai sai tambarin da ke cewa an dakatar da wasa yana juyawa a ƙasa. Ya sake cewa ta lalace.

Nan ne ni a ganina amfanin wannan gwajin ya fara fitowa, don da bai yi ba, wannan baƙin shi abokansa za su tarar ranar farko yana can yana ta zuba bayanin kyawun fadar da babu mai ganinta. Abubuwa ne suka taru. Ɗan wasa a Foundry yana gani ne da idon tokin ɗinsa, ɗan hoton nan da ke wakiltarsa a kan taswira, shi kuwa Gwaji bai mallaki kowa ba. Sai an ƙirƙiri jarumi, wato wanda ɗan wasa zai taka rawarsa a labarin, an shiga izininsa an ce Gwaji ne mai shi, izinin ma hawa-hawa ne, akwai babu komai, akwai ɗan leƙe, akwai kallo kawai, akwai mallaka. Bayan nan sai an jawo jarumin an ajiye a kan taswira, an kunna masa gani. Ya yi duk wannan amma har yanzu duhu, saboda fadar tasa babu fitila ko ɗaya kuma jarumin ba mai gani a duhu ba ne. Ya sa masa tocila a hannu, wato ya ba tokin ɗin haske, sai ga da'irar haske ta buɗe a zaure. Ya danna zai matsa gaba ta ƙi, don wasan a dakace yake tashi duk lokacin da aka kunna, jagora ne zai danna dogon madannin nan na tazara ya sake shi. Shi jagora dakatarwar ba ta hana shi motsi, shi ya sa bai taɓa lura da ita ba.

Da ya fara yawo da Gwaji a cikin fadar sai abubuwa suka yi ta fitowa. A kusurwar zaure na biyu, inda bango biyu ya kamata su haɗu, ashe bai haɗa bakinsu ba, akwai 'yar tsaga da ba ta kai komai ba in kana kallo daga sama, amma da tokin ya tsaya a daidai wurin sai wani siririn haske ya ratsa ya tsallaka har cikin ɗakin taska ya nuna gefen akwatin da ya kamata a sha wuya kafin a gani. Wannan kam ko a tagar jagora in ya danna tokin ɗin zai iya kama shi, don Foundry tana nuna wa jagora abin da tokin da ya zaɓa ke hangowa. Amma sauran ba za su taɓa fitowa ta can ba. Takardar da ya rubuta sirrin wazirin sarki, ashe ya bar izininta a kan kowa ya karanta, ga ta nan a jerin takardun Gwaji da kanunta ɓaro-ɓaro. Dodon da ya so ya zama abin mamaki, in ka ɗora linzami a kansa sunansa na gaskiya yana fitowa. Dayis ɗin da yake jefawa yana zaton a ɓoye ne, duk suna sauka a wurin hira kowa na gani, don bai canza yanayin jifan zuwa na sirri ba. Ya gyara su ɗaya bayan ɗaya, yana yi a tagar jagora yana leƙa ta Gwaji.

Sai ya ce bari ya ƙara ɗan wasa na biyu ya ga ko saƙon sirri tsakanin mutum biyu yana ɓoyuwa wa na uku. Ya buɗe sabon shafi a Chrome ɗin, ya rubuta localhost:30000, sai kawai ya tsinci kansa a matsayin Gwaji kuma, ba a ma tambaye shi waye ba. Wannan aikin kuki ne, ɗan bayanin da burawuza ke riƙewa don ta tuna wa ya shiga, kuma duk shafukan burawuza ɗaya kuki ɗaya suke rabawa. Abin da ya sa na farkon ya yi aiki ba matsala shi ne ita tagar manhajar Foundry burawuza ce mai zaman kanta a ciki, ma'ajiyarta daban da ta Chrome. Mafita ita ce taga ta sirri, Incognito, ko kuma wata burawuza daban kamar Firefox ko Edge. A kula dai, tagogin Incognito ko goma ka buɗe a Chrome duk mutum ɗaya ne a tsakaninsu, don haka ƙarin mutum ɗaya kawai take ba ka. Akwai wata 'yar dabara da nake so, ka shiga ɗaya da localhost:30000 ɗaya kuma da 127.0.0.1:30000, wuri ɗaya ne amma burawuza tana ɗaukarsu a matsayin gidaje biyu sai ta ba kowanne kukinsa.

Laftof ɗin dai ta ji a jikinta. Kowace taga tana zana taswirar ne da kanta da haske da inuwa da komai ta hanyar katin hoto, taga uku aiki uku kenan, fanka ta tashi da ƙara, linzami ya fara tsalle. Kiɗan da ya sa ma a kowace taga yake tashi sai ya zama amo a kan amo har sai da ya kashe sautin sauran. Ga wanda zai yi irin wannan, a tabbata an kunna abin nan na burawuza da ke barin katin hoto ya ɗauki nauyin zane, in a kashe yake to ko taga ɗaya ja za ta yi ta yi.

Har nan komai ya tafi daidai, kuma da a nan ya tsaya yana cewa na san abin da 'yan wasa za su gani, da gaskiyarsa. Amma abin da ya rubuta a gurup ɗinsu shi ne na gwada, yana aiki, ga adireshi. Ranar wasa kowa ya shirya, na waje ma ya hana idonsa barci saboda bambancin lokaci, aka danna adireshi babu wanda ya shiga ko mutum ɗaya.

Shigar da ya yi ta localhost ba ta taɓa wifi ba, ba ta bi ta fayawol ɗin Windows, katangar tsaron da ke tace masu shigowa, yadda baƙo zai bi ba, ba ta je rawuta ba, ba ta san kamfanin layi ba. Duk shingayen da ke tsakanin abokansa da wasan babu ɗaya da ya gwada. A farko adireshin waje ya ƙi sai ya ɗauka komai ya lalace, daga baya localhost ya yi sai ya ɗauka komai ya gyaru, alhali dukkansu biyun ba su ce komai ba game da ko na nesa zai iya shigowa. Foundry ɗin ma a gefen adireshin gayyatar tana sa alama in tana ganin ƙofar a rufe take, alamar tana nan ja, bai dai kula ba don shi a tunaninsa ai ya riga ya shiga da kansa.

Washegari muka bi abin daki-daki ta waya. Na ce ya ɗauki wayarsa tana kan wifi ɗin gidan ya rubuta adireshin nan na 192.168 da :30000. Ya ƙi. To ka ga tun a cikin gida an tare shi, kuma fayawol ce, ranar da ya fara kunna manhajar Windows ta tambaye shi ko a bar ta ta karɓi baƙi ya danna a'a ba tare da ya karanta ba. Ya shiga ya ba ta izini, wayar ta buɗe shafin shiga, tana ƙorafin sikirin ya yi ƙanƙanta amma ba wasa muke so mu buga a kai ba, fitowar shafin kawai muke nema. Sai na ce ya kashe wifi a wayar ya kunna datar layinta ya gwada adireshin intanet ɗin. Wannan shi ne gwajin gaskiya, don yanzu wayar ta zama baƙuwa daga waje duk da tana hannunsa. Ya ƙi.

A ƙa'ida Foundry tana ƙoƙarin roƙon rawuta ta buɗe mata fot da kanta ta hanyar UPnP, in bai yiwu ba sai mutum ya shiga saitin rawuta ya ce duk abin da ya zo ta 30000 a miƙa wa laftof. Ya yi hakan, bai canza komai ba. Na ce ya karanto min adireshin da rawutar ke cewa kamfani ya ba ta, sannan ya tambayi Google adireshinsa na intanet. Ba su zo ɗaya ba, na rawutar da 100 ya fara. Magana ta ƙare. Rawutar tasa mai cin sim ce, kuma kamfanonin layin waya galibi ba sa ba kowane kwastoma adireshinsa na kansa, suna tara mutane da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Ba mugunta ba ce, adireshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet, gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare tun Fabrairun 2011, har a 2012 aka ware jerin 100.64 zuwa 100.127 musamman don wannan aikin. Wato bayan rawutarsa akwai wata babbar rawuta ta kamfani wadda ba shi da ikon taɓa saitinta, ko ya kwana yana buɗe fot a tasa saƙon abokansa ba zai iso ba. Duk wanda ke amfani da mayifai ko hotspot a nan wajenmu ya sa a ransa tun farko cewa mai yiwuwa halin da yake ciki kenan.

Na jera masa hanyoyin da suka rage. Akwai kamfanonin da ke ɗora maka Foundry a kwamfutocinsu kana biya duk wata, irin su The Forge, lasisinka dai kai za ka zo da shi, amfaninsu ko an ɗauke wuta a gidanka wasan yana nan, amma biyan dala duk wata ga ɗalibi ba ƙaramin abu ba ne. Akwai su Tailscale da ZeroTier da ke haɗa kwamfutocinku kamar kuna gida ɗaya, sai dai kowa sai ya saka manhaja, ɗaya daga cikinsu kuma laftof ɗin ofis yake amfani da ita ba a barinsa ya saka komai. Sai ya zaɓi ngrok, wadda ke haƙa hanya daga laftof ɗinsa zuwa waje, tunda fita ba a hana shi ba shigowa ce matsalar. Bayan rijista umarni ɗaya ne, ngrok http 30000, sai ta ba shi adireshi mai https ya tura wa kowa. Ya fara gwadawa da datar waya kafin ya tura, wannan karon ba sai na faɗa ba.

Kafin ya tura ɗin na tsayar da shi kan abu ɗaya. Sabuwar duniya a Foundry, Gamemaster ɗinta ba shi da kalmar sirri sai in kai ka sa. Lokacin da wasan ke cikin laftof kaɗai ba damuwa, amma da an buɗe shi ga duniya, duk wanda ya samu adireshin ya tarar jagora ba ya ciki zai iya zaɓar sunan ya shige ya ga komai ya goge abin da ya ga dama. Haka shi ma babban shafin saiti, wanda ke fitowa in ba a kunna wata duniya ba, yana da tasa kalmar sirrin ta daban. Ya sa duka biyun, ya sa wa Gwaji ma, don shi ma suna ne a jeri da kowa zai iya ɗauka.

An buga wasan a mako na gaba. Ƙorafin da aka samu na jinkirin buɗewar taswira ne, saboda kowane hoto daga laftof ɗinsa yake tashi zuwa wajen kowane ɗan wasa, kuma saurin turawa na layinsa bai kai na saukewa ba, abin da shi a localhost bai taɓa ji ba don a can komai ƙiftawar ido ne. Ya mayar da manyan hotunan zuwa WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto, suka rage nauyi sosai, wanda ya taimaka kuma wajen iyakar datar da ngrok ta kyauta ke bayarwa a wata, sannan ya koyi danna wa taswira ta gaba umarnin ta fara sauka a wajen 'yan wasa tun ana cikin hira kafin a isa can. Murya kuma a manhajar hira ta Discord suke yi. Gwaji yana nan bai goge shi ba, duk sabuwar taswira sai ya zagaya da shi a Firefox tukuna, kuma yana rufe tagar kafin abokan su shigo don fankar laftof ɗin ta samu sauƙi.